Ƙararrawa da Kiran Salla a Tibhirin: Sharhi a kan Fim ɗin Des hommes et des dieux

Gabatarwa

A daren 26 ga Maris na shekarar 1996, wayewar garin 27, waɗansu mutane ɗauke da makamai suka kutsa gidan ruhubanawan Kirista da ke Tibhirin, wani ɗan ƙauye a kan duwatsun Atlas kusa da garin Madiya a ƙasar Aljeriya, suka yi awon gaba da bakwai daga cikinsu. Bayan wata biyu aka tsinci kawunansu, gangar jikinsu kuwa har yau ba a gan ta ba. A shekarar 2010 Bafaranshen mai ba da umarni Xavier Beauvois ya fitar da fim a kan shekarunsu na ƙarshe, mai suna Des hommes et des dieux, wato "Mutane da Alloli". Suna ne da kunnen mai tauhidi ba zai ji daɗinsa ba, sai dai daga Zabura ta 82 ta cikin Baibul aka ciro shi, kuma ba a jingina wa kowa allantaka a cikin labarin ba. Fim ɗin ya sami lambar Grand Prix a bikin fina-finai na Cannes, sama da mutum miliyan 3 suka kalle shi a gidajen sinima na Faransa.

Dalilin kawo shi cikin mujallar nazarin addini shi ne, ta wannan fim ne ɗimbin Turawa suka ga ƙauyen Musulmi, suka ji an karanta ayar Alƙur'ani. Bayan haka akwai mas'alar fiƙihu da ta shafi jinin mutane, wadda ta rataya kai tsaye a kan ayyukan yau da kullum na waɗannan ruhubanawa. Fim ɗin ya nuna ayyukan da gwaninta, amma da ya zo bakin ƙofar mas'alar sai ya tsaya bai shiga ba.

Yini ɗaya a Tibhirin

Ruhubanawa takwas ne, dukansu Faransawa, mafi yawansu dattawa, 'yan ɗariƙar Trappist ta cocin Katolika, wadda ke bin ƙa'idar zaman zuhudu da Benedict ya rubuta a Italiya a ƙarni na 6. Tun da duhun asuba ƙararrawa ke tashe su. Su shiga ɗakin ibada cikin fararen riguna, su yi sahu biyu suna fuskantar juna suna rera Zabura, kuma haka za su riƙa komawa har sau bakwai kafin su kwanta. Tsakanin wannan shiga da waccan akwai karatu a ɗaki guda, kowa da teburinsa, sai kuma aiki. Wani na huɗa a gona, wani na ban ruwa, wani na ɗura zuma a kwalabe don a kai kasuwa, wani yana wurin girki. In an zauna cin abinci ba a hira, mutum ɗaya ke karatu sauran suna saurare. Sunan ƙauyen ma da harshen Barbar yana nufin lambuna.

A gefen gidan akwai ɗan ɗakin shan magani, inda tun da safe mata da yara ke yin layi suna jiran Luc. Luc Dochier mutum ne na gaske a tarihi: an haife shi a 1914, ya iso Tibhirin a 1946, ya shekara hamsin yana duba marasa lafiya ba ya karɓar ko kwabo, aka kashe shi yana da shekara 82. Michael Lonsdale ne ya fito a matsayinsa, tsoho mai fama da fuka, mai gajeren zance da barkwanci. Ya wanke wa yarinya gyambo, ya dubi ƙafarta da ta uwarta, ya lalubo musu takalma a cikin buhu. Wata budurwa ta zauna kusa da shi a benci tana tambayarsa yadda ake gane so. Wani rahibin yana taya wata mata cika takarda. An gayyace su bikin kaciya, suka je suka zauna cikin jama'a ana karatu ana addu'a.

Nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma ya cancanci a yaba masa. Beauvois bai sa kiɗa a bayan waɗannan fitowa ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya bar mai kallo ya ji tsawon yini kamar yadda masu yinin ke jin sa. Wanda ya tashi cikin salloli biyar ya san yadda ibada mai ƙayyadadden lokaci ke yanka yini gida-gida, har aiki da barci da cin abinci su zama su ne ke neman wuri a tsakaninta. Irin wannan mai kallo zai fi Bature ɗan zamani saurin gane abin da ake nuna masa, ko da yake abin da ake bauta wa a cikin ɗakin nan da yadda ake bautar sun saɓa wa aƙidarsa tun daga tushe.

Sai tsoro ya shigo. Bayan soja sun soke zaɓen da jam'iyyar FIS ta yi rinjaye a zagayensa na farko a Disamba 1991, ƙasar ta faɗa yaƙin basasa. A ƙarshen 1993 ƙungiyar Jama'atul Islamiyya al-Musallaha, wadda aka fi sani da GIA, ta ba baƙi wa'adin barin ƙasar, kuma ranar 14 ga Disamba aka yi wa ma'aikata 12 'yan Kuroshiya yankan rago a Tamesguida, 'yan kilomita kaɗan daga Tibhirin. Daga nan tambayar fim ɗin ta zama guda ɗaya: a tafi ko a zauna? A zaman shawara na farko kawunansu sun rabu, har suka zargi shugabansu Christian de Chergé da ƙin karɓar gadin soja ba tare da ya tuntuɓe su ba. A zama na ƙarshe kowa ya ɗaga hannu a kan zama. Abin lura shi ne, babu wata hujja mai kaifi da aka kawo a tsakani wadda ta sauya musu ra'ayi. Ƙararrawa ce ta ci gaba da bugawa, layin marasa lafiya ya ci gaba da tsawo, gona ta ci gaba da neman ruwa. Abin da mutum ya shekara talatin yana yi kowace safiya shi ya yanke masa hukunci. Wannan fahimta ce mai zurfi game da tarbiyyar rai, kuma malaman suluki sun daɗe da sanin cewa dawwama a kan aiki kaɗan ita ke riƙe mutum ranar firgici.

Wuri ɗaya Beauvois ya karya wannan ƙa'ida tasa, shi ne liyafar dare ta kusa da ƙarshe, inda Luc ya kawo kwalaben giya ya kunna kiɗan Tchaikovsky, kyamara kuma ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya suna murmushi suna hawaye. Masu sharhi da yawa a Turai sun ɗauke ta ƙololuwar fim ɗin. A gaskiya ita ce mafi rauni, domin a nan kaɗai ya kama hannun mai kallo ya nuna masa inda zai yi kuka. Malamin da ke son nuna fim ɗin a aji ya san da zaman wannan fitowa.

Shin 'yan mishan ne?

Mai karatu da ya san Wusasa a Zariya ko asibitin Galmi a Nijar ya san cewa magani da makaranta sun daɗe suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da wa'azin bishara, don haka da ya ga layin nan a ƙofar Luc zuciyarsa za ta ɗarsa wani abu. Zargin yana da tushe a tarihin Aljeriya ma. Gidan Trappist na farko a ƙasar an kafa shi a Staouéli a 1843, a kan filin da gwamnatin mulkin mallaka ta bayar, daura da inda sojan Faransa suka karya rundunar Aljeriya a 1830. Lavigerie, babban limamin cocin Aljiyas, ya tattara marayun yunwar 1867 zuwa 1868, aka yi wa da yawansu baftisma, ya kafa musu ƙauyukan Larabawa Kirista a kwarin Shalif. Shi ne kuma ya kafa ƙungiyar White Fathers a 1868, waɗanda ke sa alkyabba irin ta mutanen ƙasa, suna koyon harshensu, suna buɗe ɗakunan magani a ƙauyukan Kabiliya. A wancan tsari hidima ƙofa ce, abin da ake nufi yana bayanta. Gidan Tibhirin kansa, da aka buɗe a 1938, ya fara ne a matsayin babbar gonar inabi ta zamanin mallaka.

Amma adalci ya wajabta a faɗi cewa mutanen da ke cikin fim ɗin ba na wancan tsari ba ne. Bayan 'yancin kai a 1962 gidan ya saki mafi yawan filayensa, ya riƙe ɗan abin nomawa, wanda daga baya suka riƙa nomawa tare da waɗansu maƙwabta ana raba amfani. A 1965 babban taron Vatican na biyu ya fitar da sanarwar Nostra Aetate, wadda ta sauya lafazin cocin game da Musulmi. Ruhubanawan Tibhirin ba sa fita wa'azi, ba sa neman kowa ya bar addininsa, suna siffanta kansu da masu addu'a a tsakiyar waɗansu masu addu'a. Sun ba mutanen ƙauye aron ɗaki a cikin harabarsu suna salla, har ya zama ƙararrawa da kiran salla daga shinge guda suke fitowa.

Laifin fim ɗin shi ne ya ɗauke wannan tarihi gaba ɗaya, in ban da jimla guda da ya sa a bakin wani jami'in gwamnati mai fushi. Ta haka ya tauye su kansu ruhubanawan, domin darajar abin da suka yi tana cikin sanin abin da suka baro. Ya kuma hana mai kallo wata tambaya mai nauyi: me ya sa, shekara talatin bayan 'yanci, ƙauyen Musulmi ya dogara ga tsohon likita baƙo mai fuka? Wani ɓangare na amsar yana wuyan gwamnatocin bayan 'yanci. Wani ɓangaren yana komawa ga ƙwace wakafai da Faransa ta yi tun shekarun farko na mamaya, waɗanda da su ake riƙe masallatai da makarantu da zawiyoyi da ciyar da mabuƙata. Giɓin da ɗakin maganin Luc ya cike ba daga sama ya faɗo ba.

Akwai kuma wani abu da ya kamata ɗalibin da'awa ya yi tunani a kai. Mutanen da suka ƙi yin wa'azi da baki suna raye, labarin zamansu ya isa ga miliyoyi bayan mutuwarsu, har cocin Katolika ta ɗaukaka su zuwa matsayin masu albarka a birnin Wahran ranar 8 ga Disamba 2018. Fim ɗin kansa wa'azi ne, kuma jarinsa bai wuce shekara hamsin na wanke gyambo a ƙauye ɗaya ba.

Musulmin da ke cikin fim

Kowane rahibi yana da suna da hali da shakka da tsoro irin nasa. Christophe, ƙaraminsu, ana jin kukansa cikin dare yana neman Ubangijinsa. Musulmi kuwa kashi uku ne: talakawa masu kirki da ke buƙatar taimako, 'yan bindiga, da soja da jami'ai masu taurin kai. Ba a shiga zuciyar ko ɗaya daga cikinsu ba. Dattawan ƙauye sun yi tir da kashe wata yarinya saboda rashin lulluɓi, sun ce wannan ba addini ba ne. Da ruhubanawa suka kamanta kansu da tsuntsaye a kan reshe masu shirin tashi, wata mata ta mayar musu da cewa mutanen ƙauye ne tsuntsayen, su ne reshen. Magana ce mai daɗi, kuma gaskiya ne ƙauyen ya girma ne a gefen gidan. Sai dai ta mai da al'ummar Musulmi abin da ba ya iya tsayuwa sai an tallafe shi. Hatta ɗan bindigar da aka kawo wa Luc da rauni, an ɗauki hotonsa daga wajen ƙafafu, daidai yadda mai zane Mantegna ya zana gawar Almasihu bisa aƙidar Kirista. Niyyar girmamawa ce, amma ma'anarta ita ce Musulmi ba ya ganuwa sai ta madubin wani.

Tarihin ya fi haka yalwa. De Chergé ya yi aikin soja a Aljeriya lokacin yaƙin neman 'yanci, inda wani magidanci Musulmi mai suna Muhammad ya tsaya tsakaninsa da masu son kashe shi, washegari aka tsinci gawar Muhammad ɗin. Wannan ne ya dawo da shi ƙasar, ya kuma kai shi karatun Larabci da Musulunci a Roma. Tun 1979 akwai halƙar Ribaɗus Salam da ke taruwa a gidan, wadda 'yan ɗariƙar Alawiyya suka shiga. A waɗannan wurare Musulmi ne mai bayarwa, kuma mai kallo zai gama fim ɗin bai san da su ba. Haka nan ba zai ji sunan Shaihu Muhammad Buslimani ba, shugaban ƙungiyar agaji ta Al-Irshad wal Islah, wanda aka sace a Bulaida, maƙwabciyar Madiya, a Nuwamba 1993, aka tsinci gawarsa a Janairu 1994, kuma abin da ya shahara shi ne ya ƙi ba da fatawar halatta zubar da jini. Ƙiyasin da aka fi ambata na waɗanda yaƙin ya ci ya kama daga dubu 100 zuwa dubu 200, kusan dukansu Musulmi. De Chergé da kansa, a wasiyyar da ya rubuta a ƙarshen 1993, ya roƙi kada a fifita mutuwarsa a kan ta waɗannan da ba a san sunayensu ba, kada kuma a ɗora ta a kan Musulunci ko mutanen Aljeriya. An karanta wasiyyar a ƙarshen fim, amma tsarin fim ɗin bai cika ta ba.

Aya da amana

A jajibirin Kirsimeti na 1993 kwamandan GIA na yankin, Sayah Attia, wanda fim ya sauya wa suna zuwa Ali Fayattia, ya shiga gidan da mutanensa yana neman likita da magani. De Chergé ya ƙi, ya ce ba a shiga nan da makami. A cikin fim ya karanto masa aya ta 82 ta Suratul Ma'ida, wadda ta ambaci kusancin Nasara ga muminai a soyayya saboda akwai ƙissisai da ruhubanawa a cikinsu, kwamandan ya ƙarasa masa ita, ya ba shi hannu ya fita.

Fitowa ce mai ratsa jiki, amma ɗalibin tafsiri zai lura an tsaya a tsakiyar zance. Aya ta 83 ta ci gaba da siffanta waɗannan mutane da zubar hawaye da yin imani idan sun ji abin da aka saukar, kuma Ɗabari da waɗansunsa sun kawo ruwayoyin da ke danganta saukarta ga Najjashi da mutanensa. Alƙur'ani bai yi wa ruhubanawa yabo na jimla ba, bai kuma yi musu zargi na jimla ba: aya ta 27 ta Suratul Hadid ta tabbatar da tausayi da jinƙai a zukatan mabiya Annabi Isa (AS) tare da bayyana ruhubananci a matsayin abin da suka ƙaga, aya ta 34 ta Suratut Tauba kuma ta zargi da yawa daga cikinsu da cin dukiyar mutane da ƙarya. Kariyar jinin mutanen Tibhirin ba ta buƙatar a tabbatar da kusancinsu a aƙida. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana ta wadatar, domin ta rataya kyautatawa da adalci a kan rashin yaƙi da rashin fitar da Musulmi daga gidajensu.

A nan ne mas'alar da fim ya bari take. A Afrilu 1996 aka fitar da sanarwa mai lamba 43 da sunan GIA da shugabanta Jamal Zaituni, tana neman a saki fursunoni, tana kuma kafa hujjar fiƙihu. Ta yarda cewa Sayyidina Abubakar (RA) ya hana taɓa ruhubanawa, kamar yadda ya zo a wasiyyarsa ga Yazid bin Abi Sufyan a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, amma ta ce wannan ya keɓanta ga wanda ya killace kansa a ɗakin ibadarsa, wanda kuwa ya fito ya cuɗanya da mutane jininsa ya halatta. Wato zumar da ake kaiwa kasuwa, da takalman da aka ba yarinya, da zuwa bikin kaciya, duk abin da fim ya nuna a matsayin kyawun rayuwarsu, shi ne aka karanta a matsayin takardar tuhuma.

Ba daidai ba ne a ce wannan rarrabewa ƙagaggiya ce, domin tana cikin littattafai. Muhtasar na Shaihu Halil ya keɓe rahibin da ya ware kansa kuma ba shi da shawara. Amma wannan ƙaidi na shawara shi ne ke bayyana illar hukuncin: abin da ake dubawa shi ne taimakon mayaƙa da ra'ayi ko dabara. Kuma babin gaba ɗayansa yana magana ne a kan mutanen da ake yaƙi da su a ƙasarsu, ƙarƙashin shugaba, a lokacin gwabzawa. Cuɗanyar da malamai suka yi tsoro ita ce ta mai zuga runduna, ba ta tsohon da ke auna zafin jikin jariri ba. Ruhubanawan Tibhirin suna zaune ne a ƙasar Musulmi da izinin hukuma da yardar maƙwabta, don haka babinsu shi ne na amana. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano da Sakkwato kamar yadda ake karanta ta a Magrib, ta tara hukuncin a 'yan layuka: ba a kashe kowa bayan an ba shi amana, ana nisantar kashe ruhubanawa sai in sun yi yaƙi, kuma amanar mafi ƙanƙantar Musulmi tana hawa kan sauran, ko da mace ce. Asalin wannan shi ne zartar da kariyar da Ummu Hani (RA) ta bayar ranar buɗe Makka, da hadisin Buhari mai tsananta narko a kan kashe wanda ke cikin alkawari. Matar nan mai zancen tsuntsaye da reshe, a ma'aunin fiƙihun Malikiyya, tana da ikon ba da kariyar da ta wajaba a kan kowane mai ɗauke da bindiga a kan dutsen. Da fim ɗin ya san haka da bai bar ta a matsayin mai roƙo ba. Wanda ya ga abin da ya auku a arewa maso gabashin Nijeriya ya san wannan salo na ciro ƙaidi daga babinsa a kafa shi a inda ba nasa ba.

Game da wanda ya aikata kisan, GIA ta yi iƙirari a sanarwar 21 ga Mayu 1996, amma a 2009 Janar François Buchwalter, tsohon jami'in soja a ofishin jakadancin Faransa a Aljiyas, ya shaida wa alƙali cewa an gaya masa jirgin sojan Aljeriya mai saukar ungulu ne ya harbe su bisa kuskure. Beauvois ya ƙi yanke hukunci, ya rufe fim da ruhubanawa da masu tsaronsu suna tafiya cikin dusar ƙanƙara har hazo ya haɗiye su, kuma a wannan ya yi daidai. Abin da ya rage bai nuna ba shi ne ranar 4 ga Yuni 1996, da aka dawo da abin da ya saura na mutum bakwai zuwa lambun gidan. Mutanen ƙauye ne suka haƙa kaburburan.